Garin da Ba Mai Kitso

Litinin, 3 ga Maris

Mun kusa wata a falon Yaya. Mu huɗu a katifa ɗaya: ni, Baban yara, 'yarmu 'Yar Baba da jaririnmu. Akwatunanmu na bayan kujera, in zan ɗauko wandon yaro sai na ture tebur. Yaya yayar mijina ce, ta fi shekara ashirin a ƙasar nan, kuma ita ta tsaya mana har muka zo. Na gode mata. Na gode da safe, na gode da rana, har bakina ya gaji.

Kamfanin da ya ɗauki Baban yara aikin tuƙi ya ce ya zaɓa: ko reshensu na nan birni, ko na wani ƙaramin gari a bakin teku, tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa. Yaya har ta gama zaɓa mana. Wai akwai gida a benen da ke kallon nata.

Laraba, 5 ga Maris

Na leƙa ta tagar kicin ɗinta. Ana hango gidan tar. Ko tukunya na ɗora sai ta gani.

Asabar, 8 ga Maris

Yau raina ya ɓaci sosai.

Jiya na zauna na yi wa 'Yar Baba kitso ƙanana, irin wanda ko a shagona na gida ba kowa nake yi wa ba. Da safe na kai jariri awo. Na dawo na tarar Yaya ta tsefe shi kaf, ta dandara mata wasu manya guda huɗu kamar igiyar shanya. Wai malaman nan ba sa son kitso mai jan kai, za su ce ina azabtar da yarinya. Ni? Ni da mata ke zaman jirana tun hantsi, yau ni za a koya wa riƙon kan yaro?

Abin da ya fi ƙona min rai, yarinyar ta rugo tana nuna min, "Kin ga na Mama Yaya!" Yanzu ko ruwa za ta sha, can take zuwa tambaya.

Baban yara ya ce in yi haƙuri, ta fi mu sanin ƙasar. A gaban yayarsa komawa yake ɗan shekara bakwai. Ita kuwa har da cewa, "Ke ma kawo kanki in gyara miki." Na ce na gode, kaina lafiya lau.

Lahadi, 9 ga Maris

Na faɗa wa Baban yara zaɓina. Bakin teku.

Talata, 11 ga Maris

Ya kai mata labari, dama na san zai kai. Ta same ni ina wanke kwanuka.

"Maman yara, can ɗin ba namu ko ɗaya. Gashinsu kamar gemun masara. Kan wa za ki kitsa? Kifi?"

Na ce, "Ko kifin ne, Yaya, ni zan zaɓa masa kitson."

Ta daɗe tana kallona. Ban sunkuyar da kai ba. Na ci gaba da wanke kwanukana.

Asabar, 15 ga Maris

Mun je mun gano garin. Iska kamar za ta ɗauke mutum. Gidan a hawa na uku yake, ɗaki biyu, famfon banɗaki na ɗiga, tagar kicin na kallon bangon gidan burodi. Bango kawai, ba idon kowa. Makaranta na ƙarshen layi, zan iya kai yarinya da ƙafa in dawo shayina bai huce ba.

Duk yawon da muka yi, mutum ɗaya na gani mai irin fatarmu, direban bas. Shi ma sanƙo ne da shi. Baban yara ya yi ta dariya, wai ga kwastomana na farko. Ya yi ta yi. Ni dai garin ya kwanta min.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya yarda. Na ce masa ban baro uwata da shagona na tsallako duniya don 'yata ta riƙa neman izini a wajen wata ba. Ya ce ina da taurin kai. Na ce da shi ka auro ni.

Yaya ta ji. Ta haɗa mana tukwane biyu da bargo mai nauyi. A bakin ƙofa ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ɗankwalin nan ban taɓa ganin ta cire shi ba, ko a cikin ɗakinta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gidana. In na ga dama in yi shara, in ban ga dama ba in bari.

'Yar Baba ta tambayi Mama Yaya sau biyu. Na ce tana gidanta, mu ma muna namu. Na yi mata kitso ƙanana, ta je makaranta, malamar ta ce ya yi kyau. Ba wanda ya kira min hukuma.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na tsefe kaina, ya yi datti da yawa. Gaba na iya, baya ne ya gagare ni. Hannuwana suka mutu, layi ya karkace. A gida ƙanwata ke yi min, ban taɓa tunanin abin ba sai yau. Na ba Baban yara kibiya ya tsaga min layi, ya riƙe ta kamar sitiyari, ya kusa huda min kai.

Laraba, 14 ga Mayu

Na shiga shagon gyaran gashi na kan layinmu. Yarinyar da ke aiki a wurin tana da kirki. Ta taɓa gashin a hankali, ta ce gaskiya ba a koya musu irinsa ba, amma za ta iya rage min shi. Na ɗaura ɗankwalina na fito.

Ban yi nadama ba. Na rubuta ne don in gani da idona.

Asabar, 7 ga Yuni

Baban yara ya samu hutu, muka kai wa Yaya yara ta gani. Na shiga da shirina. Ta kamo 'Yar Baba, ta juya kanta dama da hagu, ta ce, "Hannun uwarki ne wannan." Ba ta taɓa ko sili ɗaya ba.

Sai ta juyo kaina. "Ke kuma cire ɗankwalin nan, ba ni za ki ɓoye wa ba."

Na zauna a ƙasa, tsakanin gwiwoyinta. Kitson nata dai yana nan yadda na san shi, manya, ga ja. Na sakar mata kai. Rabona da jin hannun mutum a kaina har na manta.

Ana cikin haka jariri ya dafa kujera ya miƙe, ya fizge mata ɗankwali. Na waiga. Furfura ce, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, duk ta cukurkuɗe, wani gefen ya fi wani.

Ta ce shekarar da ta zo ba mai yi mata. Ta shiga shago, suka ce za su rage, ta bari suka rage. Tun daga nan askewa take yi. "Da ƙanin nan nawa ya ce min kuna tafe, sai na daina. Na ce ga mai kitso nan zuwa." Ta mayar da ɗankwalinta, ta dafa min ƙeya. "Juya, ban gama ba."

Na juya, ta ƙarasa kitson. A jirgi Baban yara ya tambayi me ya sa idona ya yi ja, na ce kitson ne ke ja na.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ba za mu koma birni ba, kada wani ya yi zaton haka. Ina son bangona na gidan burodi. Ina son yadda 'Yar Baba ke zuwa wajena in za ta sha ruwa.

Gobe dai zan kai yara wajen Yaya, tunda sun dame ni. Na sa kibiya a jaka, da ƙaramin mataji, da man gashi. Baban yara ya gani, ya ce na wa? Na ce ya ji da tuƙinsa.

Gashin zai kamu. Na auna shi da ido ranar. In na yi mata ƙanana, zai kamu.