Fitilun Diwali a Shekarar Zaman Makoki

Litinin, 6 ga Nuwamba
Yaya Digambar ya zo da hantsi, ko takalmi bai cire ba. Wai bana ba za a kunna fitilun Diwali, bikinmu na Hindu, a gidan nan ba, tunda ƙanensa, mijina Madhukar, bai cika shekara da rasuwa ba. "Al'ada ce, Nalini. Kar ki jawo mana surutu a garin Nashik." Na ce, "Yaya, wata huɗu mijina yana kwance a asibiti, wace al'adar ce ta hana ka leƙo shi?" Ya juya ya fita.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Na sauko da fitilun kasko, na wanke, na murza lagwani arba'in. Madhukar yakan ce kaskon jikin mutum ne, man shi ne kwaɗayinsa, lagwanin kuma girman kai, sai ya ƙone ake ganin haske. Malamin makaranta dai, komai sai ya mai da shi darasi. Ni da dariya nake masa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Matar Yaya ta aiko da alewar laddu cikin kwano, irin wanda ake kai wa gidan makoki. Na mayar.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Yau ake ajiye wa Yama, sarkin mutuwa, fitila a ƙofar gida tana kallon kudu, don ya ɗaga wa mutan gida ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa fashi ba. Ga sakamakon. Shi kam bana ya zauna a duhu, ban kunna masa ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Da faɗuwar rana na jera fitilun a dakali, na zuba man gyaɗa. Maƙwabta na leƙe, su yi ta yi. Ina kan ta bakwai sai ga Yaya a bakin ƙofa. Na miƙe na shirya faɗa da shi. Can ya ce, "Nawa gidan duhu ne." Ya ce tun suna yara Madhukar ke kunnawa, shi yana tare masa iska. Ya ce sau uku yana zuwa har ƙofar asibitin yana komawa, ya kasa shiga. Na ce, "Ni na iya ne? Dole ce ta sa." Iska ta taso, ya durƙusa da ƙyar, saboda ciwon gwiwar nan tasa, ya kare lagwanin da tafin hannu. Haka muka yi har ta arba'in.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Ban yafe ba. Yaya ya dawo yau. Kwanciya yake yi a gefen hagu idan ya gaji, ashe, kamar ƙanen. Ya yi barci a kan tabarmar zaure bayan abincin rana, na rage ƙarar rediyo.