Humrar da ban kai wa Hadiza ba

Daren Asabar, Bagudo.

Barci ya ƙi. Tun da safe ni da maigidana Baban Umar muka kama hanyar bikin aminiyata Hadiza, kwalbar humrar da na haɗa mata tana kan cinyata. Muna wuce Lafagu mota ta kafe a laka. Ya yi ta turi har rigarsa ta rine, ni kuwa ina cikin anko ina kallon rana tana tafiya.

"Kwantar da hankalinki, ba a kai amarya sai magariba," in ji shi.

Ashe dangin ango daga Benin suke, tun la'asar suka ɗauke ta don su ƙetare iyaka kafin duhu. Mun tarar ana naɗe tabarmi. Innarta ta ce Hadiza ta yi ta waige har mota ta tashi.

Ga ɗakina duk ƙamshin humrarta.