Na tayar da babur ɗin Baba, ya bai wa yayana

Malam Maigandi, don Allah ka taimake ni da shawara, raina a ɓace yake, har gaida mahaifina ta fara yi mini nauyi.

Baba yana da wani tsohon babur da ya yi fataucin albasa da shi tsakanin Augie da Argungu tun muna yara. Da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi sai aka jingine babur ɗin a zaure, tsatsa ta ci shi, kaji na kwana a kai. Yayana Munzali ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Ni na hana. Na ɗora shi a mota zuwa Birnin Kebbi, inda nake aikin ɗinki, na kai garejin abokina Obed. Duk Juma'a da yamma ina can. Muka sauke inji, muka sa sabon fistin da ringi, muka wanke kabureta. Shokazoba na gaba da na baya sun mutu, na yi ta yawo kafin na samo irinsu, don ina so in riƙa ɗaukar Baba zuwa gonarsa ta fadama ba tare da ramuka sun jijjiga shi ba. Har yau akwai tabon ƙunar salansar babur ɗin a ƙaurina.

Ranar da na hau shi zuwa Argungu, Baba ya gane ƙararsa tun daga ɗaki, ya yi hawaye. Washegari ya kira ni, ya ce in miƙa wa Munzali makulli, wai shi ne babba. Munzalin da sai ya yi wata bai leƙo gida ba, alhali unguwarsu ɗaya. Ni ke zuwa duk mako in yi wa Baba aski in yanke masa farce. Yanzu buhunan shinkafa Munzali ke lafta wa babur ɗin, ko sau ɗaya bai ɗauki Baba ba. Ko sannu Munzali bai ce mini ba. Shin in je in ƙwace, ko in janye jikina daga gidan?

Naka, Ƙanin da ba a gani.

Ɗan'uwa, an ƙware ka, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya yi irin wannan aiki ya cancanci godiya, kuma ba a yi maka ba.

Amma babur na mahaifinka ne, gyara bai mai da shi naka ba. Kada ka ƙwace. Kada kuma ka ɗauke ƙafa, don tsohon ne zai sha wuya, ba Munzali ba. Mai yiwuwa Baba ya tabbata kai ba za ka guje shi ba, shi ya sa yake neman abin da zai jawo ɗan da ya yi nisa. Wannan bai wanke shi ba, amma ka duba.

Na lura ba ka ce ka taɓa gaya wa Baba dalilin gyaran ba. Gaya masa, ku biyu kawai, cikin ladabi, har da zafin da ka ji. Ka roƙe shi ya umarci Munzali ya riƙa kawo babur ɗin ranar da kake zuwa, ka kai shi gona. In Munzali ya ƙi, ari na wani ka kai shi. Damina na tafe, kuma tsufa ba ya jira.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya maka zuciya.