Bindigogin Fenti da Yatsun Ɗanjuma

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar mafarautan gundumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da na fito da wannan magana bainar jama'a. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka a Daura, sau uku ana ce mini ka fita, alhali ga motarka a inuwa, ga takalmanka a bakin zaure. Mutumin da Allah ya ba baiwar fita ba mota ba takalmi, ai sai dai a bi shi da takarda.

Sunana Haruna, manomi ne ni kuma mafarauci daga yankin Baure. Ka san ni, don ni ne ka kira "mai bindigar kakanni" a gaban taro, aka yi ta dariya.

Na farko, bari in gabatar maka da ita wannan bindiga da ta zame maka abin kunya. Mai baki ɗaya ce, ta mahaifina. Bayan rasuwarsa ta daɗe a jingine a bayan ƙofa, tsatsa ta ci ƙarfen, gara ta ci gindin. Rani guda na yi a kanta, da kananzir da tsumma, ina gogewa har yatsuna suka yi kanta. Masassaƙi ya yi mini sabon gindi na maɗaci. Na kai ta wurin wani tsohon maƙeri a kasuwar Daura, ya ɗaga bututun sama ya leƙa da hasken rana, ya juya ya sake leƙawa, sannan ya ce tana da sauran rai. Daga nan na je wurin 'yan sanda na sabunta lasisinta. Ba ta da kyan gani, na yarda. Amma babu tabon da ke jikinta wanda ban san asalinsa ba.

Na biyu, taron da ka kira ana gab da girbin bara. Ka zo mana da wani baƙo mai farar shadda da akwatuna, ka ce tsofaffin bindigogin soja ne da ƙwararru suka sabunta, har sun fi sababbi. Gaskiya sun yi ƙyalli, ranka ya daɗe. Warin fentinsu ma ya riga ka shigowa rumfar. Ka kuma yanke cewa duk wanda bai mallaki irinsu ba, ba za a sa shi cikin masu gadin gonaki da dabbobi ba. Na ɗaga hannu na yi tambaya uku: ina lasisinsu, wa ya sabunta su, kuma ko za a bari maƙeri ya leƙa cikin guda ɗaya. Amsar da ka ba ni ita ce wasu mutane ba sa son ci gaba. Na gode da wannan ilimi. Ni da na ɗauka tambaya nake yi, ashe ƙin ci gaba nake yi.

A cikin waɗanda suka saya akwai Ɗanjuma, ƙanen matata, mai 'ya'ya huɗu. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya kai kasuwa don ya biya. Na roƙe shi ya dakata, ya ce mini, "Yaya, ai Shugaba ba zai cuce mu ba." Ka adana wannan magana, domin yanzu ba kowa ke faɗinta ba.

Na uku, abin da ke ƙarƙashin fentin. Ba a yi mako ba Ɗanjuma ya zo gidana da sabuwar bindigarsa, fentinta ya mai da tafin hannunsa baƙi ƙirin, kamar wanda ya wuni yana ɗibar gawayi. Na sa farce na kankare bututun kaɗan. Tsatsa ce ja wur, ramukanta an cike su da abin nan da masu gyaran jikin mota ke lafta wa inda ya loɓa. Gindin kuwa a tsage yake, an cusa masa garin katako da gam. Waɗannan ƙwararru naka sun ƙware, amma a buroshi. Na hana shi harbawa, na tare ka a kasuwa na gaya maka. Ka ce haka na soja suke, kuma hassada ce ke damuna don tawa ta tsufa.

Maganarka ta fi tawa nauyi a wurin Ɗanjuma. Da safe ya fita bayan gonarsa ya auna wani kututture don ya gwada. Ni ina cikin gerona na ji ƙarar, na kuma san wannan ba ƙarar harbi ba ce. Na tarar da shi a durƙushe, bututun ya dare kamar rake, yatsu biyu na hannun hagunsa babu su. A kan babur muka kai shi asibiti a Daura, ina riƙe da shi ta baya, rigata ta jiƙe.

Asibiti suka nemi takardar 'yan sanda. 'Yan sanda suka nemi lasisi. Muka miƙa musu rasiɗin baƙonka, ba suna, ba adireshi, sai hoton bindiga a samansa, wai kada mu manta abin da muka saya. Jami'in ya yi mana bayani cikin natsuwa cewa irin wannan bindiga ba ta halatta ga farar hula ba, sabuwa ce ko mai fenti. Suka bi gida-gida suka karɓe sauran. Yau Ɗanjuma, da hannu a naɗe, shi ke zuwa ofishinsu kowane mako yana amsa tambayoyi. Wayar mai farar shadda a kashe take. Kai kuma ka ce a hanya ka haɗu da shi.

Na huɗu, takardar dakatarwa da ka aiko mini, wai na ɓata sunan ƙungiya. Na karɓa hannu biyu. Sai dai da na zauna na lissafa waɗanda suka sayi bindigogin nan, ban ga sunanka ba. Har gobe tsohuwar bindigarka mai baki biyu ce a kafaɗarka. Wannan sadaukarwa ta burge ni: ka bar wa talakawanka ci gaban gaba ɗaya, kai ka haƙura da ta kakanni.

Ga abin da nake roƙo. Ka je ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka faɗa musu wanda ya kawo baƙon, don a sauke wa Ɗanjuma wannan kaya. Ka ɗauki nauyin maganinsa, ka mayar masa da sansa kafin damina, don sa ɗaya ba ya jan garma. Ka tara 'yan ƙungiya a rumfar da ka yi tallan, ka ba su haƙuri. Dakatarwar da ka yi mini kuwa, bar ta, ban roƙi a janye ba.

Idan kuma har yanzu kana kan bakanka cewa bindigogin lafiyarsu ƙalau, abin mai sauƙi ne. Ka roƙi hukuma ta ara maka guda ɗaya ranar kasuwa, ka zaɓi wadda ta fi ƙyalli, ka harba da hannunka. Za mu zo kallo, amma daga nesa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya kuma bar maka yatsunka goma cif.

Wassalam, daga mabiyinka da ka dakatar,
Haruna, yankin Baure.