Butar Halliru Mai Cindo

Wurno, watan Safar

Takarda ta fito daga hannun ƙanenki Mainasara ɗan Abdulƙadiri, zuwa ga yayata Kaltume a Rabah. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina gaida maigidanki da yara.

Bayan haka, an turo mu Wurno, ni da malamina na zane, Malam Atiku, mu yi wa ofishin gona aiki har kaka ta wuce. Karatun aji ya ƙare. Yanzu Baturen gona ke faɗin abin da yake so manoma su gane, mu zana, a kai Zariya a buga, a manna a kasuwanni. Na yi hoton allurar shanu, an karɓa. Malam Atiku ya ce shanuna sun fi mutanena kyau, wai duk mutumin da na zana sai na cusa masa hannu cikin riga don tsoron yatsu. Ya sa ni zana hannuna na hagu safe da yamma har na tsane shi.

Ga dalilin takardar nan. An ba ni sabon aiki: hoton mutumin da ke jiƙa auduga da ruwa don ta yi nauyi a sikeli. Bature ya ce a yi shi yadda duk wanda ya gani zai tofar da yawu. Yana magana, ni kuwa fuska ɗaya nake gani.

Ba ki manta ba, na sani. Halliru Mai Cindo, lokacin yana duba-gari, ya shigo gidanmu a Taloka zai fasa randar Inna, Baba ya riƙe masa hannu gaban mutane ya ce ya tafi ya duba ta gidansu. Da kurkunu ya kwantar da Baba, shi ya jawo Bature mai ɗaukar hoto har cikin ɗaki. Aka buga, aka manna a kasuwar Goronyo: Baba zaune, ƙafa a kumbure, tsutsar naɗe jikin tsinke, a ƙasa an rubuta wai ƙazami ke sha daga kududdufi. Yara suka sa masa Na-kurkunu. Bai sake taka kasuwa ba har ya koma ga Allah, kuma har yau da wannan suna ake kwatanta gidanmu.

Na ji Halliru ya bar duba-gari, dillancin auduga yake yi a Goronyo. Da takarda ya ɓata sunan Baba, Yaya, kuma yau alƙalamin yana hannuna. Ki faɗa mini kamanninsa na yanzu, rabona da shi tun ina ƙarami. Wassalam.

Rabah, watan Safar

Daga Kaltume zuwa ga auta Mainasara. Gaisuwa da fatan alheri. Da hannuna na rubuta wagga takarda da ajami, don ban son kunne na uku ya ji.

Na karanta taka na yi guɗa ni kaɗai cikin ɗaki, har maigidan ya leƙo ya ce mi ya faru. Na ce kunama na kashe.

Lokacin da ka tafi koyon zane na yi fushi da kai, na ce ka shiga sana'ar da ta ci ubanmu. Ashe Allah ke shirya maka hanya. Malamai sun ce wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya busa mashi rai. To in anka ce ka busa wa Halliru, ka ce numfashinka ya ƙare.

Kamanni kake tambaya. Ya yi ƙiba, wuya ya ninku, ya tsai da gemu irin na mutanen kirki. Tsagarshi tana nan, da haƙorin nan na gaba da ya karye. Amma duk wannan ana iya musu, masu ƙiba da gemu sun yi yawa. Abin da ba a musu shi na cindon hannun hagu. Daga Rabah har Goronyo babu dillalin kaɗa mai yatsa shida sai shi. Kai da ke ɓoye hannuwa cikin riga, wanga karo ka fito da su fili. In cindon bai fito ba, ba ka yi komi ba.

Kar ka tausaya mashi. Ni na wanke ƙafar Baba, ni na ji abin da yake faɗi in yara sunka wuce bakin darni suna waƙa. Ni kuma na bi kasuwanni ina yage takardun nan har anka kusa kai ni gaban alƙali. Ina son in tsaya kasuwar Goronyo in ga ana nuna shi da baki. Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Wurno, watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Kaltume, gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta iso, na gode.

Na tafi Goronyo ranar kasuwa, na zauna rumfar wani mai albasa da allona a cinya. Halliru na gabana wuni guda bai san ni ba. Na zana shi yana ciniki, yana dariya, yana tauna goro. Hannun nan kuwa na zana shi ta kowace fuska. Yaya, ban taɓa kallon abu kamar yadda na kalli hannun mutumin nan ba. Cindon gajere ne, yana da ɗan farcensa, in ya riƙe abu sai ya miƙe shi kaɗai kamar ba a gayyace shi ba.

Ga yadda hoton ya tsaya. Halliru tsugune gefen tulin auduga, ya naɗe hannun riga, yana waige, buta a hannun hagu, ruwa na zuba. Da na kai wa Malam Atiku ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Yau ka zana hannu.” Sannan ya ƙirga yatsun da bakin fensir ya ce, “Shida. Kuskure ka yi, ko gani ka yi?” Na ce gani ne, haka hannun wanda na kwaikwaya yake. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “To. Abin da ido ya gani ba ni gogewa.”

Abu ɗaya ya so in sauya. Ya ce mai jiƙa auduga da tulu yake yi ko da guga, in cire butar. Na ƙi. Tulu hannu biyu ake rungumarsa, yatsu su ɓace a bayansa. Wuyan buta kuwa hannu guda ke kama shi, cindon ya fito tsaf yana kallon mutane. Ya ce, “Mainasara, kai wa kake zana wa, manomi ko kanka?” Na ce manomi. Ya sa wa hoton hannu.

Bature ya yaba, ya ce wannan ya fi duk abin da na yi. An rubuta a ƙasa da boko: KADA KA ZAMA MACUCI, KADA KA JIƘA AUDUGA. An so a ƙara da ajami, wuri bai isa ba, don na cika takardar da mutumin. Hoton ya tafi Zariya. Ki tanadi zanen fita kasuwa. Wassalam.

Rabah, watan Jimada Akhir

Daga Kaltume zuwa ga Mainasara. Gaisuwa, don gaisuwa wajibi ta.

Na sa zanena na fita, na hau jaki har Goronyo. Na iske mutane cunkus gindin tsamiyar da anka manna takardarka, zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Na kutsa. Kowa ya gane shi, wannan kam ka iya. Yara na ƙirga yatsu suna ihu. Sai na ji wani tsoho na cewa, “Ku diba bawan Allah. Dukiya tuli guda gabanai, amma sai da yat tsaya yay yi alwala.” Wani ya amsa, “Shi ya sa gwamnati tab buga shi. Dillali mai tsoron Allah ke nan.”

Alwala, Mainasara! Mutum tsugune, hannun riga naɗe, buta a hagu. Mi kake so su gani? Ko jaririn goye ya san mai alwala. Wa ka taɓa gani ya jiƙa kaɗa da buta? Rubutun naka na boko kuwa, mutum nawa ke karanta shi kasuwar Goronyo? Na buɗe baki na ce macuci anka rubuta. Wata mai fura ta dube ni ta ce, “Ke ɗiyar Na-kurkunu ta ko? Hassada ba ta da magani.” Anka yi dariya. Gaban hoton maƙiyinmu anka sake kiran Baba da wanga suna, ina tsaye.

Yanzu manoma daga Boyekai har Magarya wurinshi suke kai kaɗa. Sun sa mashi Halliru Mai Alwala. Ga shi ka gyara mashi gemu, ka ba shi riga mai aska, ka yi mashi hannu kamar na ɗan sarki. Na aike ka ka tona mashi rami, ka gina mashi soro.

Ban ci abinci ba ranar nan. Wassalam.

Goronyo, watan Jimada Akhir

Daga Malam Halliru, babban dillalin auduga na kasuwar Goronyo, zuwa ga yaro mai zane na ofishin gona, Wurno. Gaisuwa irin ta uba ga ɗa.

Bayan haka, aikinka ya iso gare mu, mun gani, mun yaba. Na sa an yi wa guda katako da gilashi, tana rataye a zaurena. Ina so ka aiko mini da wasu, surukaina na Rabah sun roƙa.

Kada ka ɗauka ban iya boko ba. Na yi aikin En'e tun kana tsumma, na karanta abin da ke ƙasan hoton sarai. Almakashi na sa na datse wurin, ya fi kyau a haka. Kuma na tambaya an faɗa mini ko kai ɗan wane ne. Ubanka ma haka yake, zuciya ta yi masa yawa, dabara ta yi kaɗan. Ni da na tashi yin nawa, ban bar wa mai kallo abin da zai yi tunani a kai ba. Ka riƙe wannan, kyauta na ba ka, malaminka ba zai koya maka ba.

In ka shigo kasuwa ka biyo ka karɓi goro. Ka san rumfar, ai ka wuni gabanta. Haza wassalam.

Wurno, watan Rajab

Zuwa ga yayata Kaltume. Gaisuwa, da sunkuyar da kai.

Duk abin da kika faɗa haka ne. Ga takardar da ya aiko mini na haɗo miki, ki karanta ki ƙona. Kwana biyu ko layi ban iya ja ba.

Malam Atiku bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi daga yau duk abin da na zana, kafin Bature ya gani, in kai wa masu jiran kwalekwale a bakin gulbi, in rufe rubutun da tafin hannu, in tambaye su me suka gani. Na fara. Rabin abin da nake taƙama da shi ya zube a bakin gulbin nan.

Yanzu ki saurara. Ofishin lafiya sun aiko, tsofaffin takardun kurkunu sun ƙare, suna son sabuwa, kuma wannan karon mai tace ruwa suke so a nuna. Na roƙi aikin, an ba ni. Baba zan zana, Yaya. A tsaye, da rawaninsa, yana tace ruwa da farin ƙyalle a bakin randar Inna, randar da ya hana a fasa. Za a manna shi jikin tsamiyar nan, bisa hoton Halliru, don sabo kan tsoho ake mannawa. Ba zan bari ya tafi Zariya ba sai mutanen bakin gulbi sun ce, ga mutumin kirki. Sannan in ga wanda zai sake cewa Na-kurkunu.

Sai dai na zauna da fensir, fuskarsa ta ƙi zuwa. Ina jin muryarsa, ina ganin tafiyarsa, fuskar ce babu. Hotonsa ɗaya ne a duniya, kin san wanne. Kin ce kin yage su. Na san halinki, ba duka kika yage ba. Ki taimake ni. Wassalam.

Rabah, watan Rajab

Daga Kaltume zuwa ga auta. Gaisuwa.

Ga takardar hoton Baba nan cikin ƙyalle, daga ƙasan adudu na ciro ta. Tun ranar da na ɓamɓaro ta ban buɗe ba sai yau. Ban dubi ƙafar ba. Ashe murmushi yake yi wa mai hoton, Mainasara, ya ɗauka baƙo ne ya zo gaishe shi.

Halliru ban yafe mashi ba, kar ka yafe. Ka bar wa Baba murmushin, kuma ka fito mashi da hannuwa fili. In ka gama ka maido mini takardata. Wassalam.