Koren Ratsin da ke Ƙasan Bargo

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Adnan da yara duka. Yaya jikin Sumaiya, haƙorin ya fito kuwa? Yaya ruwa a Funtuwa? Mu nan kullum cikinsa muke. Jikina da sauƙi, sai ƙafa da ke ɗan kumbura, an ce haka mai ciki ke yi.

Yaya, tun ranar Juma'ar da ta wuce ban sake samun natsuwa ba. Na ɗauki waya in kira ki, bakina ya ƙi buɗewa. Shi ya sa na koma ga takarda, zan ba Nagoda direba ya kawo miki.

Kin san bargon nan mai ratsi-ratsi da nake saƙawa da kwarashi. Duk wanda ya tambaya nakan ce na kujera ne, amma ke kin san na abin da ke cikina ne. Maƙwabciyata Beatrice, Maman David, ita ta koya mini. Ita ce kuma ta nuna mini dabarar sayen tsofaffin rigunan sanyi a gwanjo, a warware su, a tsoma zaren a ruwan ɗumi, a shanya shi da ɗan dutse a rataye har ya miƙe. Haka na tara ja da shuɗi da ruwan goro da ruwan hoda.

Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne inda na samo koren. Tun kafin in fara saƙar, ina gyaran ɗaki na buɗe tsohon akwatin maigidana Malam Zulkiflu, wanda ya taho da shi daga gidansu. A can ƙasa na tarar da wani abu naɗe a ɗankwali. Rigar sanyi ce, saƙar hannu, kore mai duhu, an haɗa ulun da siririn zaren ɗinki ruwan ɗorawa yana ɗan ƙyalli. Ƙarama ce, ba za ta shige shi ba, kuma tana ƙamshin turaren mata. Yaya, kin san ni da littattafai. A take na ga yarinyar a idona: siririya, doguwa, 'yar jami'ar nan ta unguwar Kongo inda yake aiki, ta bar masa rigarta ranar da suka rabu cikin ruwan sama. Har suna na raɗa mata. Na yi kukana na ƙoshi, sannan na nemo bakin zaren na ja. Kafin la'asar riga ta zama dunƙule. Na ce a raina da ita zan kafa gindin bargona, randa ya gane zai riƙe hannuna ya ce abin da ya wuce ya wuce.

Ranar Juma'a surukata Inna Ishatu ta zo daga Gyallesu duba ni, ta kawo mini tsamiya da garin kunu. Bargon yana kan kujera, saura kaɗan ya ƙare. Ta yaba, ni kuma daɗi ya kwashe ni na shimfiɗa mata shi a cinya. Ta riƙa shafawa daga sama tana cewa hannuna na da kyau, ratsin bai karkace ba. Da ta kai ƙasa, wajen koren, sai hannunta ya tsaya. Ta ɗaga shi zuwa hasken taga, ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe a haka.

Ana cikin haka Malam ya dawo daga masallaci. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta kamar kullum, ita ma ta amsa tana kallon gefe kamar kullum, kin san shi ne ɗanta na fari. Sai idonsa ya faɗa kan abin da ke hannunta. Ya miƙe ya shiga ƙurya, na ji ƙarar murfin akwati. Ya fito da ɗankwalin nan babu komai a ciki, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka kawo wa saƙon mutuwa.

Inna ta ninke bargon a hankali ta ajiye, ta ce hadari ya taso, za ta koma. Yaya, ko ɗigon gajimare babu a sama. Abincin da na zuba mata ko buɗewa ba ta yi ba. Ya raka ta titi ya dawo, abu ɗaya ya tambaye ni, wai duka na warware. Na ce e. Ya ce to. Tun daga nan yana gaishe ni, yana kawo cefane, yana tambayar ƙafata, amma ba ya zama mu ci abinci tare, kuma ba ya kallon wajen kujerar nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ta yaya Inna ta san rigar? Ke nan ta san yarinyar. Ina jin 'yar dangi ce, wataƙila ma rasuwa ta yi. Gobe zan je Kwangila wajen Gwaggo Bilkisu, ƙanwar babansa da ta raine shi, ita ba ta ɓoye magana.

Ki gaishe da Baban Adnan. Kada ki faɗa wa Umma komai tukuna.

Taki ƙanwa,
Hanifa.

*

Tudun Wada, Zariya.

Yayata Saratu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kun wayi gari lafiya, da fatan aiki na tafiya daidai. Ki shafa mini kan Adnan da Sumaiya.

Yaya, babu wata yarinya. Ba a taɓa yin ta ba, ni kaɗai na haife ta a kaina.

Na je wurin Gwaggo, na ɗauki sauran guntun koren a jaka. Na fara kewaye-kewaye, ta ce in bar jan magana, ita tana da wanki. Da na nuna mata zaren na faɗi abin da na yi, ta saki tsintsiyar da ke hannunta ta yi salati. Ta ce mini 'yar nan, karatun littattafan nan naki ya kai ki inda bai kamata ba. Sannan ta zaunar da ni.

Ta ce Inna ta haifi Malam tana da ƙuruciya, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Da aka yaye shi aka miƙa wa Gwaggo. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta ba shi abu hannu da hannu ba. In ya faɗi a tsakar gida ya fasa baki, sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Gwaggo ta ce yana ƙarami ya taɓa tambayarta wane laifi ya yi wa matar can ta ɗakin kudu da ba ta son ganinsa.

Da ya ci jarrabawa zai tafi makarantar kwana, Inna ta ji ana cewa garin da sanyi. Sai ta fara saƙa a ɓoye, in kowa ya fita, ta tura ƙarƙashin katifa in ta ji motsi. Ulun bai da kauri, shi ya sa ta haɗa shi da zaren ɗinkinta. Ranar tafiya ta naɗe rigar a ɗankwalinta ta ba Gwaggo, ta ce a sa masa a akwati a ce daga kasuwa aka sayo. Gwaggo ta ce haka ta faɗa masa, amma da ya ga ɗankwalin sai ya dube ta, ya dubi ɗakin kudu. Ya sa rigar har ta matse shi, sannan ya adana. Daga ranar zuwa yau, shi bai ce ya sani ba, ita ba ta ce ita ta yi ba. Turaren da na ji kuwa na Inna ne. Gwaggo ta ce in ya je gaishe ta yakan ɗebi ɗan turaren wutarta wai zai kawo mini, ashe rigar yake turarawa.

Yaya, kin ji abin da na aikata. Abu ɗaya tak da mutumin nan ke da shi a duniya wanda ke ce masa uwarsa na son sa, shi na zauna na warware da hannuna ina waƙa. Ita kuma ranar Juma'ar ce ta fara sanin ya ajiye rigar duk shekarun nan, kuma a warware ta gan ta, a gindin bargon surukarta. Ba ta da bakin da za ta ce tawa ce. Shi ma ba shi da bakin da zai yi mini faɗa a gabanta.

Na tambayi Gwaggo ko Inna za ta iya saƙa wata. Ta ce in dubi yatsunta da kyau in mun haɗu, sanyin ƙashi ya tanƙware su, ko allura ba ta iya riƙewa yanzu.

Da na dawo na durƙusa na ba Malam haƙuri, na faɗa masa har labarin yarinyar da na ƙirƙira. Na zaci zai yi fushi ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce ya yafe, laifinsa ne da bai faɗa mini ba, amma abu ne da bai san yadda ake faɗarsa ba. Ya ce in ci gaba da saƙata. Daga baya na hango shi ta labule ya buɗe akwatin, yana ninke ɗankwalin nan, ya buɗe, ya sake ninkewa.

Na kai wa Maman David bargon na roƙe ta ta cire mini koren kawai. Ta juya shi ta ce Hanifa, saƙar kwarashi ba ta da ƙofar baya. Daga inda aka tsaya ake warwarewa, a bi layi-layi har ƙasa. Koren kuwa da shi na fara. In na sa almakashi, bargo ya tafi, zaren ma ya tafi. In ina son koren da rai, sai duk abin da ke samansa ya sauka, aikin da na fara tun kafin ruwan fari.

Ban san abin yi ba. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Hanifa.

*

Tudun Wada, Zariya.

Yaya Saratu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da gajiya, ina gaishe da mutanen gida. Nagoda ya kawo mini amsarki tare da man shafawar, na gode, Allah ya bar zumunci.

Na karanta shawararki har na kusa haddace ta. Kin ce in bar bargon yadda yake, tunda Malam ya yafe. Kin ce jariri zai kwanta a cikin zaren kakarsa, babu abin da ya fi wannan kyau, kuma watan haihuwa ya matso, kada in wahalar da kaina. Wallahi Yaya maganar ta yi mini daɗi. Da a littafi na karanta ta, da na yi hawaye na rufe shafi ina murmushi. Amma Inna ba jikanta ta saƙa wa ba, ɗanta ta saƙa wa. Shi kuma bai ba ni ba, ni na ɗauka. Ya yafe, gaskiya ne, sai dai har yau in zai wuce kujerar nan yakan juya fuska.

Shekaranjiya na je Gyallesu. Na gaishe da Inna, na zauna ina taya ta tsintar shinkafa. Can na ce mata ina da wani koren ulu, ina son in koyi irin rigar da ake saƙa wa yaro mai tafiya makarantar kwana, amma ban san yadda ake kafa ta ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, har na yi zaton na ƙara ɓata lamarin. Sai ta ce zaren da aka yanyanka ƙulli zai yi yawa. Na ce zan ɓoye su ta ciki. Ta ce ba zai kai yadda yake a da ba, hannun rigar sai ya gajarta. Na ce na sani. Ta dubi yatsunta, sannan ta ce daga wuya ake farawa, kuma yaron nan ba ya son wuya mai matsewa. Ta ce in zo da kwarashina ranar Asabar.

Na san abin da kike tunani, jaririna zai zo babu bargo. Sauran launukan suna nan, zan sake saƙa shi bayan na yi arba'in, in Allah ya kai mu. Kafin nan zanen Umma ya ishe shi. Ki faɗa mata zan ɗan jinkirta zuwa gida goyon ciki, ba zan taho ba sai rigar ta koma cikin ɗankwalinta.

Yanzu haka bargon na kan cinyata. Na riga na kwance ƙullin ƙarshe, jan ratsin da ke sama ya fara sauka. Zan warware shi duka.

Ki sa ni a addu'a. Wassalam.

Taki har kullum,
Hanifa.