Farantan Mama Sun Dawo Cike

Ƙanena Zalán,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Linz na Ostiriya. Yaya Budapest, yaya majalisa? Barka da samun kujera. Na gan ka a talabijin kana caccakar gwamnati, kwat ɗin ta yi maka kyau.

Ni lafiya lau. Tun da jawabanka suka sa aka kore ni daga koyarwa, tsofaffin Ostiriya nake yi wa wanka. Bayana yana ciwo, amma ba komai.

Ka kira Mama kuwa? Ta yi yankan aladen hunturu, ta aika wa kowane maƙwabci farantinsa na nama kamar kowace shekara. Duk sun dawo cike, ba wanda ya yarda ya karɓa. Matar magajin gari ta ce mata, "Piroska, ki kai wa ɗanki jarumi, mu ba ma son rasa aikinmu." Ka sa wannan a jawabinka, za a tafa maka.

Naka farantin yana nan a rufe, tana ta leƙen hanya. Na ce ta ba kare, shi ko ba komai a gida yake kwana.

Allah ya ƙara ɗaukaka.

Yayarka,
Boglárka